Bayan bindiga ta yi shiru, sai a kira alƙali

Baba Tela, Njamena:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan.

Wasunku sun san yaron da ke zaman keken surfani a shagona. Ranar Alhamis 20 ga Oktoban 2022, ranar da aka fito zanga-zangar ƙin ƙarin wa'adin mulkin soja a nan Cadi, na aike shi da sassafe ya kai wa wata mata ɗinkin biki a Shagwa. Ni na aike shi da bakina, wannan ba zai fita raina ba har in koma ga Allah. Bai dawo ba. Kwana 19 muna yawo ni da uwarsa, tana ɗauke da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali, daga wannan ƙofa zuwa waccan, kowa ya buɗe littafi ya ce babu sunansa. Da yamma mu dawo da abincin ya yi sanyi, ta ba almajirai. Ranar da aka sako shi babu takarda, babu alƙali, babu wanda ya ce masa ga laifinka. Ya dawo da hannun dama a karye, ƙashin ya haɗe a karkace, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Yaron da mata ke layi don aikin wuyan rigarsa, yau zare ma da ƙyar yake zura wa allura.

Uwar ta daɗe tana adashi don ta kai ƙara. Shekaranjiya ta kwashi kuɗinta muka je wurin wani lauya. Mutumin kirki ne, ko dala bai karɓa ba. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce: Baba, an rufe wannan ƙofa tun Nuwamban 2023. Dokar afuwa ta shafe duk abin da ya faru a ranar nan, da wanda aka daka da wanda ya yi dukan.

To ga tambayata. Kotun da ta iya yanke wa ɗaruruwan mutane hukunci cikin 'yan kwanaki, me ya sa ba ta da kunnen jin yaro ɗaya? Ni a ganina soja da bindiga yake karɓar mulki, amma da alƙali yake riƙe shi. In na yi kuskure masu ilmi su gyara mini.

Malamar Marwa:
Wa alaikumus salam Baba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya saka wa uwarsa. Karatun wannan kwanon abincin ya sa ni hawaye. Ina Malam Magatakarda? Wannan fagensa ne.

Tsohon Magatakardan Kotu:
Ga ni, Malama. Baba Tela, sannu da haƙuri. Lauyan nan gaskiya ya faɗa maka, kuma ka gode masa da bai ci kuɗin baiwar Allah ba.

Bari in raba muku abu biyu da Hausa ta haɗa a kalma ɗaya. Duk muna cewa afuwa, amma a dokar da muka gada daga Faransa iri biyu ce. Akwai wadda ake kira giras: shugaban ƙasa ya sa hannu ya ɗauke maka zaman gidan yari, amma hukuncin yana nan a rubuce. Ranar da ka je neman takardar kaziye, wato takardar da ke nuna ko an taɓa yanke maka hukunci, don aikin gwamnati ko tsayawa takara, zai biyo ka. Akwai kuma amnisti: wannan majalisa ke yin ta, ta goge laifin kansa kamar ba a taɓa yi ba, ba a buɗe bincike, wanda aka buɗe ma a rufe. Yanzu ku duba wa aka fara ba wace.

Bayan Baƙar Alhamis, wato ranar 20 ga Oktoban nan, an kwashi mutum 621 zuwa Koro Toro, kusan kilomita 600 daga Njamena, tsakiyar rairayi, har da yara ƙanana a cikinsu. A ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disambar 2022 aka kai kotu can cikin gidan yarin, aka gurfanar da mutum 401 cikin kwana 4. Lauyoyin ƙasar nan suka ƙi zuwa, suka shiga yajin aiki, suka ce wannan ba shari'a ba ce. 'Yan jarida masu zaman kansu ba su shiga ba. Aka ɗaure 262 shekara 2 zuwa 3, aka yi wa 80 ɗaurin talala, aka sallami 59. Ku raba 401 gida 4, mutum 100 a rana ke nan. Na yi shekaru ina riƙe da alƙalami a gaban alƙali: tambayar mutum sunansa, sunan ubansa da na uwarsa, inda aka haife shi da sana'arsa kaɗai tana cin mintuna. Yaushe aka ji shaida? Yaushe ya kare kansa?

Sai a Maris 2023 shugaba ya yi wa 259 daga cikinsu giras. Suka fito ana ce musu su gode. A watan ne kuma aka yanke wa 'yan tawayen FACT sama da 400 ɗaurin rai da rai kan mutuwar Marshal Idriss Déby, tsohon shugaban ƙasa, bayan 'yan kwanaki aka yafe wa 380. Hannun da ya ɗaure shi ya kwance, kuma a duka biyun shi ke cin riba: da ɗaurin ya tsorata jama'a, da kwancewar ya sami godiya.

Waɗanda suka harba fa? Firaministan lokacin, Saleh Kebzabo, da bakinsa ya ce kimanin 50 suka mutu a ranar. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ƙirga 128. Kafin a ji wanda ya ba da umarni, majalisar riƙon ƙwarya ta yi amnisti a Nuwamban 2023, bayan sulhun Kinshasa da ya dawo da jagoran adawa Succès Masra gida. Masu zanga-zanga sun riga sun sha ɗauri. Wanda dokar ta lulluɓe da gaske shi ne wanda bai taɓa tsayawa gaban kowa ba.

Ɗan Kusuri:
Baba Tela, wallahi na tausaya, kuma Allah ya isar wa yaron. Amma Malam, da girmanka, a bar ni in faɗi nawa.

Na farko, ku daina cewa juyin mulki. An kashe shugaba a fagen daga a Afrilun 2021, 'yan tawaye suna Kanem sun nufo birni. Ni ina ƙetara gadar Ngeli kusan kullum da kaya. Na ga abin da ya faru a Fabrairun 2008 lokacin da 'yan tawaye suka shigo Njamena, ina yaro, mutane suka cika Kusuri maƙil, suna kwana a filin makaranta da gindin bishiya, a gidanmu kaɗai iyali uku suka sauka. Da sojoji ba su riƙe ƙasar ba a 2021, da abin da ya sami Sudan yau shi zai same mu. Wa zai je kotu in babu gari?

Na biyu, ranar 20 ga Oktoba ba addu'a mutane suka fito yi ba. An ƙona ofishin jam'iyyar firaminista, an tare hanyoyi, jami'an tsaro ma sun mutu. Gwamnati ta zuba ido ke nan?

Na uku, afuwar nan ai da ita Masra ya dawo har ya zama firaminista a Janairun 2024. Lokacin magoya bayansa ba su ce haramun ba ce. Sulhu dole sai kowa ya haɗiye wani abu.

Tsohon Magatakardan Kotu:
Ɗana, tsoron da ka faɗa gaskiya ne, ni ma na kwana ƙarƙashin gado da 'ya'yana a 2008. Amma tsarin mulki ya riga ya faɗi abin da za a yi in shugaba ya mutu: shugaban majalisar dokoki ya riƙe, a shirya zaɓe. Haroun Kabadi ne a kujerar. Abin da aka yi shi ne janar 15 suka zauna, suka jingine tsarin mulkin, suka rushe majalisa da gwamnati, suka naɗa Mahamat, ɗan marigayin. Macron ya zo jana'iza ya zauna kusa da shi, Tarayyar Afirka ba ta dakatar da mu ba kamar yadda ta yi wa Mali da Gini. Rashin dakatarwar bai canja sunan abin ba. An ce wata 18. Da suka cika, taron ƙasa ya ƙara 24, ya kuma halatta wa shugaban riƙo tsayawa takara. Wannan ne ya fito da mutane titi.

Wanda ya ƙona ofis a kama shi, a kawo shaida, a ba shi lauya, a ɗaure shi. Ba ni da ja. Amma ɗan aiken Baba Tela me ya ƙona?

Ka kuma duba yadda zaɓen ya zo. Kotun tsarin mulki da za ta tantance 'yan takara, aka ɗora mata Jean-Bernard Padaré, wanda ya yi kakakin jam'iyyar MPS mai mulki. A Maris 2024 ta zubar da 10 cikin 20 da suka nema. Ɗan adawa Yaya Dillo kuwa bai kai ga tantancewar ba, an kashe shi a ofishin jam'iyyarsa ranar 28 ga Fabrairu. Kotun nan ce ta tabbatar wa shugaban riƙo da kashi 61, ta kori ƙarar Masra. Kowane mataki yana da takarda da hatimi. Abin da Baba Tela yake nufi ke nan.

Hajiyar Garwa:
Salamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan, jikata ce ke rubuta mini, amma yau sai na yi.

Ɗan Kusuri, ɗana, ba a haife ka ba a 1984. Mu a nan Kamaru juyin mulkin ma bai yi nasara ba, amma abin da ya biyo baya mun sha shi. Ranar 6 ga Afrilu wasu daga cikin masu gadin fadar shugaban ƙasa suka tayar a Yawunde, aka yi kwana biyu ana harbi, aka murƙushe su. Daga nan sai kame ya zama na suna da na gari. In sunanka na arewa ne kana sanye da kaki, ko kana babban ofis, ka shiga uku.

Yayana ƙaramin ma'aikaci ne a can kudu, ko harbin tsuntsu bai taɓa yi ba. Aka zo da dare aka tafi da shi daga shi sai zanen barci. Matarsa ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare da yara uku, ta iso mana Garwa ba ta da ko takalmin kirki. Muka yi wata da watanni ba mu san yana raye ko ya mutu ba, don lokacin ana jin an harbe mutane gommai bayan shari'ar soja ta 'yan kwanaki, ba a ba kowa gawa ba. Innarmu ta hana a taɓa buzunsa na salla. Kullum da asuba sai ta kakkaɓe shi ta shimfiɗa a inda yake sawa in ya zo hutu, ta naɗe da hantsi. Baffanmu ya rasu bai sake ganinsa ba.

Sai 1991 da aka yi afuwa ya dawo. Haƙora sun zube, ba ya son a rufe ƙofa in yana ɗaki. Mutane suka yi ta zuwa barka suna cewa a gode wa gwamnati. Shi dai bai ce komai ba. Wata rana ina zuba masa kunu ya ce mini: an yafe mini, amma har yau ba a gaya mini abin da na yi ba.

Kuma kada ku manta, Ahmadu Ahidjo da ya yi shekara 22 yana mulkin ƙasar nan, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a Fabrairun 1984, daga baya aka sassauta. Dokokin da aka yi zamaninsa na kama masu zagon ƙasa, da su aka ɗaure mutane da yawa, ƙarshe igiyar ta zagayo kan mutanensa. Ya rasu a Dakar a 1989, kabarinsa na can har yau, bai dawo Garwa ba. Ɗan siyasar nan Isa Ciroma ma kusan shekara 6 ya yi a tsare kan wannan magana ta 84.

Shi ya sa da na ji labarin kwanon abincin nan na ce Allah sarki, innarmu ce ta dawo.

Mai kula da zaure:
Jama'a, muhawara ta yi kyau, amma a kiyaye harshe. Ban da zagi, ban da kiran ƙabila, ban da saka muryar kowa ko hoton kowa. Duk mun san inda muke zaune. Wanda ya saɓa zan goge.

Ɗan Kusuri:
Hajiya, Allah ya jiƙan Baffa, ya sa wahalar da Kawu ya sha ta zama kaffara. Ba ni da bakin musa miki.

Amma ku lura, labarin Hajiya a ƙarƙashin farar hula ya faru. To me ya sa ake ɗora wa soja kaɗai? A Nijar, Hama Amadu yana kurkukun Filinge aka yi zaɓen 2016 da shi, kan shari'ar jarirai, daga baya hukuncin ya hana shi takarar 2020. Soja ne ya yi wannan? Tanja da ya so tazarce a 2009, ai rushe kotun tsarin mulki ya yi da ta ƙi ba shi. Laifi tudu ne. Ni abin da na gani, talaka bai taɓa ganin babban mutum a gaban alƙali ba sai soja ya zo. A Gini sojoji sun kafa kotun masu cin dukiyar ƙasa, tsohon firaminista Kassory Fofana ya sha ɗaurin shekara 5. A ƙarƙashin sojan ne kuma aka yi shari'ar kisan filin wasa na 2009 har aka ɗaure tsohon shugaban mulkin soja Dadis Camara shekara 20. Farar hula sun yi shekara 11 ba su yi ba.

Malamar Marwa:
Ƙanena, ka kawo misalin da ya kayar da kai. Dadis ɗin da aka ɗaure a Yulin 2024, a Maris 2025 shugaban sojan Gini Doumbouya ya yi masa afuwa ya fita. Matan da aka ci wa mutunci a filin nan sun jira shekara 15, hukuncin bai cika shekara ɗaya ba.

Na yarda farar hula ma suna yi, mu a Marwa wa zai gaya mana? Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a garin nan aka kama shi a Yulin 2015. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014 ta ba kotun soja ikon shari'ar farar hula, ta ɗaure shi shekara 10 a 2017, sai a ɗaukaka ƙara aka rage, ya fito ƙarshen shekarar. Muryar da muke ji a rediyo da harshenmu ke nan.

Amma akwai bambanci, kuma misalin Tanja ne ya nuna shi. Kotun da Fatimata Bazeye ke shugabanta ta iya ce masa a'a, domin akwai tsarin mulki a sama da shi da za ta dafa. Sai da ya rushe ta a idon duniya, kowa ya ga wanda ya karya doka. Soja kuwa ranar farko yake jingine tsarin mulkin, ya zama shi ne majalisa, shi ne gwamnati, ya gina kotun da hannunsa. Dubi Bazoum. An kifar da shi 26 ga Yulin 2023. Kotun ECOWAS ta ce a sake shi a Disambar shekarar, ba a kula ba. Sojojin suka kafa sabuwar kotun ƙoli tasu, ita ce ta cire masa rigar kariya a Yunin 2024 don a tuhume shi da cin amanar ƙasa. Wanda ya tsare shugaba da bindiga shi ke tuhumar shugaban da cin amana, a kotun da shi ya naɗa. Ko ba ka son Bazoum, in yana da laifi a fito da shi fili a karanta masa, mu ji.

Dillalin Shanu, Mundu:
Na yi shiru ina karantawa, amma tunda an ambaci Masra zan yi magana, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

Ku a birni kuna maganar shekara 20 da aka yanke masa a Agustan 2025. Mu a nan muna maganar ƙauyen Mandakawo. Ranar 14 ga Mayun 2025 an kashe mutum 42, yawancinsu mata da yara. Ni sana'ata cikin makiyaya take, na san yadda ruga take da safe, mata na dama fura, yara na kwance maruƙa. Irin waɗannan aka kashe. Duk wanda ya ce shari'ar nan siyasa ce zalla, ya tuna akwai kaburbura. Rikicin manoma da makiyaya a kudu yana cin rayuka kowace shekara, a biya diyya ko kar a biya, a wuce. Wannan karon an kama mutane an yi hukunci. In manyan 'yan siyasa suna faɗa wa jama'a su ɗauki makami, ba za a tambaye su ba?

Tsohon Magatakardan Kotu:
Alhaji, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Jininsu ba na banza ba ne, kuma saboda su ne ma nake wannan magana.

A tambaye shi, ƙwarai. Amma ka dubi aikin da idon ma'aikacin kotu. Kisa ranar 14, an kama shi ranar 16 da asuba. Babbar hujjar da aka kafa a kansa saƙon murya ne da harshen Ngambai, wanda lauyoyinsa suka ce tun 2023 aka yi shi. Kafin a ce mutum yana da hannu a kisa, sai an nuna igiyar da ta haɗa maganarsa da hannun da ya riƙe adda: wa ya ji, yaushe, wa ya ba da umarni. In maganar 2023 laifi ce, ya aka yi aka ba shi firaminista a 2024? Cikin wata 3 an gama komai, shekara 20 da tarar sefa biliyan 1. Wata 2 bayan haka aka gyara tsarin mulki, wa'adi ya koma shekara 7 babu iyaka.

Abin da nake tsoro shi ne, in aka ɗora kisan Mandakawo a kan babban ɗan adawa, rabin ƙasa ba za su yarda da hukuncin ba, har da ɓangaren da yake gaskiya. Sai mamatan su zama kayan gardamar siyasa, maganar burtali da gona da mashaya da ta jawo faɗan kuma tana nan inda take.

Kuma kada ku ɗauka alƙalai duk mugaye ne. Na zauna da masu tsoron Allah a cikinsu. Amma mai gabatar da ƙara a tsarinmu yana ƙarƙashin ministan shari'a, ƙarin girma da canjin wurin aiki kuma daga sama suke zuwa. Ba sai an yi maka barazana ba. Ka yanke abin da ba a so, bayan wata biyu takarda ta zo an mayar da kai wani gari mai nisa a tsakiyar shekarar karatu, 'ya'yanka na makaranta. Na ga wanda ya karanta irin wannan takarda a gabana, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce a kira ƙara ta gaba. Sauran da suka gani ba sai an sake yi musu bayani ba.

Dillalin Shanu, Mundu:
Na ji, Malam. Ban sauka daga kan cewa a hukunta masu kisa ba. Amma maganar burtali gaskiya ce, bana ma da kaka an kusa a yi wani.

Malamar Marwa:
Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce alƙalai uku ne, biyu a wuta ɗaya a aljanna. Kuma da aka zo neman alfarma ga matar Banu Makhzum da ta yi sata, cewa ya yi abin da ya halaka na farko shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Ƙanena Ɗan Kusuri, ni ma ina son in ga ɓarawon gwamnati a gaban alƙali. Amma in ɓarawon da ya yi mubaya'a yana gida, wanda ya ƙi yana kurkuku, ba satar ake hukuntawa ba.

Ɗan Kusuri:
Yaya Malama, wannan ta ƙarshen ta shige ni. Har yanzu ina kan cewa da ba a riƙe ƙasar a 2021 ba da mun ga tashin hankali. Amma afuwar da ta hana uwar yaron nan ko a saurare ta, ba zan kare ta ba. Baba Tela, ka yafe ni in maganata ta farko ta yi maka zafi.

Baba Tela, Njamena:
Babu komai ɗana, don a yi magana na kawo ta. Malam, to yanzu me zan ce wa matar nan? Tun shekaranjiya kuɗin adashin na ƙulle a bakin zanenta, ta ƙi kwancewa.

Tsohon Magatakardan Kotu:
Ka ce mata ta kashe kuɗin a kan hannun, a kai shi wurin likitan ƙashi a ga ko za a iya gyarawa. Amma kafin a taɓa shi a ɗauki hoton ƙashin, a karɓi takardar likita mai kwanan wata da hatimi. Sannan ku zauna da yaron ku rubuta komai: ƙarfe nawa ya fita, a ina aka tare shi, kwana nawa, su wa ya gani a ciki, wa ya ga dawowarsa. Matar da ya kai wa ɗinki ma shaida ce. A yi kwafi biyu, ɗaya a gidanka ɗaya a wani gida.

Ba ina yi mata alkawarin kotu gobe ba ne. Amma tsohon shugaban ƙasa Hissène Habré ya gudu a Disambar 1990 yana ganin magana ta mutu. Souleymane Guengueng da ya fito daga kurkukunsa ya bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya yana rubuta labarinsu yana ɓoyewa. A 2001 aka tarar da takardun hukumar DDS, 'yan sandan sirrin Habré, zube a ƙasa a tsohon ofishinsu. Da waɗannan aka ɗaure shi rai da rai a Dakar ranar 30 ga Mayun 2016, matan da ya zalunta suna zaune a zauren kotun suna kallonsa.

Hajiyar Garwa:
Ku rubuta, Baba Tela. Mu ba mu rubuta ba, yau yayana ya rasu, ko sunayen waɗanda suka mutu a ɗakinsu babu mai tunawa. Ɗan Kusuri, zan aiko maka da jaka goma ta waya, in ka ƙetara gobe ka kai wa uwar yaron, a ƙara a kuɗin hoto.

Ɗan Kusuri:
To Hajiya, zan cika nawa a kai. Baba, ina shigowa wajen ƙarfe goma in gada ba ta cushe ba.

Baba Tela, Njamena:
Allah ya saka muku da alheri. Na sa an sayo littafi mai bango. Yaron ya ce sai bayan isha'i in an rufe shago zai iya faɗa, kuma kada uwarsa ta zauna a wurin. Ni zan rubuta, tunda hannunsa ba ya riƙe biro.